Kano da Legas: Inda Kuɗi Ke Wucewa da Inda Suke Kwana

Akwai musun da ba ya tsufa a majalisun Sakkwato, daga rumfunan Tsohuwar Kasuwa har teburan masu shayi na bakin jami'a: tsakanin Kano da Legas, wace ce ta fi arziki? Masu goyon Kano sukan fara da ƙidayar 2006, wadda ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, ta ba Legas miliyan 9.1. Sai su kawo Kantin Kwari da Dawanau, su rufe da cewa attajirin da ya fi kowa kuɗi a Afirka Bakano ne. Masu goyon Legas ba su da yawa a nan, galibinsu waɗanda suka taɓa zaman cirani a can ne, kuma hujjarsu ɗaya ce: a duba haraji. A 2023, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, Legas ta tara sama da naira biliyan 815 na kuɗin shiga na cikin gida. Kano ba ta kai biliyan 50 ba.

Kowane ɓangare ya faɗi gaskiyarsa, amma wadda ta shafe mu tana wani wuri. Kuɗi masu yawan gaske suna shiga Kano kowace safiya, babu mai musun wannan. Sai dai yawancinsu ba sa kwana. Suna shigowa a aljihun ɗan kasuwar da ya zo sari daga Sakkwato ko Maraɗi ko Maiduguri, kafin la'asar sun kama hanyar inda aka ƙera kayan, ko inda aka sauke su daga jirgin ruwa, ko inda hedikwatar bankin take. Waɗannan wurare uku kuwa, in ba ƙasar waje ba, to Legas ne. Abin yana damuna ne saboda mu Sakkwatawa a bayan Kano muke tsaye a wannan layi. Duk abin da ya kuɓuce wa Kano, mu ya kuɓuce mana sau biyu.

Ba haka aka faro ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, a ƙarni na 15. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa tufafi ne. Audugar daga gonakin ƙasar take, mata suka kaɗa zare, masaƙa suka saƙa, marina suka rina, mabuga suka buga, sannan fatake suka ɗauka har Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Duk hannun da ya taɓa turkuɗin nan ya ci abinci a cikinsa, kuma dukkan hannuwan na 'yan ƙasa ne. Mu ma muna cikin cinikin. Daular da aka kafa bayan jihadin 1804 ta haɗa garuruwan nan ƙarƙashin tuta ɗaya, ayari ya samu hanya, fatar jar akuyarmu ta bi raƙuma ta ƙetare Sahara har kasuwannin Turai. A wancan zamani ƙofar ƙasar Hausa arewa take kallo. Legas ƙaramin gari ce a bakin ruwa, kuma a shekarar da Barth ya shiga Kano ne jiragen yaƙin Ingila suka yi mata luguden wuta, bayan shekara 10 suka mayar da ita mallakarsu.

Jirgin ƙasa ne ya juya ƙofar ta koma kallon kudu. Dogo ya iso Kano a 1911, shekara mai bi aka buɗe hanya har Legas. Turawa auduga suka zo nema, manoman Kano suka lura gyaɗa ta fi riba, daga nan dalar gyaɗa ta tashi, sunan Alhassan Ɗantata ya cika ƙasa. Muna alfahari da hotunan dalar nan, kuma akwai abin alfahari a ciki. Amma a dube su da kyau: buhuna ne ke jiran jirgi ya kai su bakin teku, a sarrafa su a ƙasar wasu. Tun daga lokacin Kano ta fara zama wurin tara kaya, Legas ta zama ƙofar fita da shiga. Reshen dogon da ya nufo wajenmu ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929. An doshi shekara ɗari ke nan bai ƙaraso Birnin Shehu ba.

Duk da haka Kano ba ta miƙa wuya ba. Daga wajen samun 'yancin kai zuwa farkon shekarun 1980, Bompai da Sharaɗa da Challawa sun cika da masana'antu: masaƙu, kamfanonin man gyaɗa, majemu na zamani, masu alewa da biskit, masu robobi, masu kwanukan langa. In ka cire Legas, babu birnin da ya kai ta ƙere-ƙere a Najeriya. Sai abubuwa suka taru mata. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka rushe dala. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, kayan gyaran injina suka gagari masu masana'antu. Wutar lantarki ta zama sai an gani. Aka buɗe ƙofa ga yadin waje, wanda bai shigo ta ƙofa ba ya shigo ta ɓarauniyar hanya. Masaƙun Kano suka bi sahun na Kaduna, ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya taɓa shiga Kwari da hantsi ya san abin da nake nufi. Ba ka iya tafiya a miƙe, 'yan dako na ta ihun a ba su hanya da diloli a ka, yaran shago na jan hannun rigarka, ana jin Hausar Damagaram da Larabcin Chadi da Fulatancin Garwa a layi ɗaya. Ka ɗaga atamfa ka duba bakinta, ka ɗaga leshi, ka ɗaga yadin maza. Mafi yawansu daga Sin suka zo. Shadda mai tsadar da manyanmu ke ɗinkawa ranar Sallah, ta Getzner, daga Ostiriya take. Birnin da ya tufatar da Sahara yau tufafin wasu yake sayarwa. Ribar da ke zama a Kano ita ce 'yar tazarar da ke tsakanin kuɗin sari da kuɗin sayarwa, da la'adar dillali, da hayar shago, da ladan ɗan dako. Wannan abinci ne ga dubban gidaje, ban raina shi ba. Amma albashin masaƙi, da kuɗin manomin auduga, da kuɗin mai rini, da ladan injiniya, duk a wata ƙasa ake biyansu.

To, Legas fa? A nan ina so a yi adalci ta fuska biyu, don mutanenmu sukan riƙe fuska ɗaya su saki ɗayar.

Gaskiya ne wani babban kaso na arzikin Legas ba guminta kaɗai ba ne. Ita ce babban birnin ƙasa daga haɗewar 1914 har Disambar 1991. Tashoshin Apapa da Tin Can na tarayya ne. Doguwar gadar nan ta uku da ta haɗa tsibiri da sauran gari, wadda aka buɗe a 1990, da kuɗin ƙasa aka gina ta. Tashar wuta ta Egbin, mai ƙarfin megawat 1,320, tana can, kuma bututun iskar gas daga Escravos ya isa gare ta tun ƙarshen shekarun 1980, lokacin da masana'antun Kano ke ƙona baƙin mai da dizal. Akwai kuma maganar harajin kayan masarufi, wato VAT. Shekara da shekaru, in ka sayi katin waya a Gwadabawa ko Tambuwal, harajin da ke cikinsa a hedikwatar kamfanin ake biyansa, sai a rubuta shi a littafin Legas. Da ’yan Legas suka tashi a 2021 suna neman su riƙa karɓar wannan haraji da kansu, sun yi magana kamar duk abin da aka rubuta da sunansu su suka ci shi. Ba haka ba ne, kuma ya kamata a riƙa faɗa musu.

Ɗaya fuskar ita ce ba ma son ji. Lokacin da mulkin farar hula ya dawo a 1999, abin da Legas ke tarawa a wata bai wuce naira miliyan 600 da wani abu ba. Teku tana nan a lokacin, bankuna suna nan, kamfanoni suna nan. Abin da ya canza shi ne sun zauna sun gina hukumar haraji mai aiki, suka bi kamfani kamfani suna lissafa ma'aikata, suka sa aka riƙa cire haraji daga albashi, suka yi wa filaye da gidaje rajista. Gwamna ya tafi wani ya zo, aikin da aka faro ba a yasar da shi ba. Jirgin cikin gari da ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2 a 2023 ya ci gwamnoni uku kafin ya motsa, amma ya motsa. A Kano kuwa, kamar yadda kowa ya gani da idonsa a shekarun nan, sabuwar gwamnati kan shigo da katafila ta rushe abin da ta tarar. Ko wane ne mai gaskiya a irin waɗannan rigingimu, mai jari yana kallo, kuma abin da yake koya shi ne kada ya binne kuɗinsa a ginin da zaɓe ɗaya zai iya kayarwa.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne zuciyar maganar, wato rubutu. Tattalin arzikin Legas, aƙalla samansa, rubutacce ne. Kamfani na da rajista, ma'aikaci na da takardar albashi, fili na da shaidar mallaka, ciniki na bi ta asusu. Abin da aka rubuta ana iya ƙirga shi, a karɓi haraji a kansa, a jinginar da shi a karɓi bashi, a sayar da hannun jarinsa a kasuwar hannayen jari da ke can tun farkon shekarun 1960. Na Kano, da namu, a kan amana yake tsaye. Alhaji zai ɗaga waya daga Singa ya ce a loda wa wane tirelar sukari zuwa Sakkwato, ba takarda ba shaida, kuɗin su biyo baya in an sayar. Yaron shago zai yi wa maigidansa hidima shekaru, ranar sallama a ba shi jari ya buɗe nasa. Ina girmama wannan tsari ƙwarai. Ya raya mutanen da babu bankin da zai kalle su, kuma ya fi kotu saurin warware rikici. Amma yana da iyaka. Amana tana iya ɗaukar tirela goma ta sukari, ba ta iya ɗaukar ginin kamfanin sukari da zai shekara biyar ana zuba masa kuɗi kafin ya fitar da buhu ɗaya. Irin wannan sai an tara kuɗin mutane da yawa waɗanda ba su san juna ba, su kuwa ba abin da ke haɗa su sai takarda.

Mu duba abin da ke faruwa in babban ɗan kasuwa ya rasu. Sau da yawa harkar tana cikin kansa ne, bashin da yake bi da wanda ake binsa, abokan hulɗarsa na Kwatano da Dubai, duk a ƙwaƙwalwa. Ana gama sadakar arba'in sai a raba shaguna da motoci, kowa ya kama gabansa, sunan gidan ya ɓace daga kasuwa. Wasu sukan ɗora laifin a kan rabon gado, ni ban yarda ba. Shari'a ta ce kowane magaji a ba shi haƙƙinsa, ba ta ce sai an yanyanka dukiyar ba. Da harkar kamfani ce mai littafi, kowa zai gaji kasonsa, injin ya ci gaba da juyawa. Kuma bai kamata a ce a garin Shehu da Abdullahi da Bello ne ake koya wa mutane darajar rubutu ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, a kafa shaidu. Mun haddace ta, muna karanta ta a tarawihi, amma ba ta shiga rumfunanmu ba.

Haka maganar banki. Kano ta taɓa samun nata, Bankin Arewa, mai dogon benen nan da ya daɗe yana zama alamar birnin. Da aka tilasta wa bankuna tara jarin naira biliyan 25 a 2005, ya narke cikin bankin Unity. Yau manyan bankunan ƙasar, First Bank da UBA da Zenith da Access da GTBank, duk a Legas ake yanke shawararsu. Reshensu na Kano ko na Sakkwato ajiya yake karɓa, babban bashi kuwa sai an aika takarda can. Ga kuma tsoron riba, wanda tsoro ne na gaskiya kuma ina tare da shi. Amma wannan uzuri ya ragu tun da Jaiz ya buɗe a 2012, wasu bankunan marasa kuɗin ruwa suka biyo baya, gwamnatin tarayya ma ta fara fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, a 2017 tana gina hanyoyi da shi. Ƙofar halal a buɗe take. Sai dai shi ma bankin Musulunci littafin ciniki zai tambaye ka kafin ya shiga tarayya da kai.

Shi ya sa idan aka ce mini Ɗangote Bakano ne, nakan ce haka ne, Abdussamad Rabi'u ma Bakano ne. Amma matatar man Ɗangote mai tace ganga 650,000 a rana a Lekki take, hedikwatar kamfanoninsu duka biyu a Legas take. Kamfanin simintin da ke Kalambaina, nan bayan garinmu, dutsenmu yake ci tun shekarun 1960, yau yana hannun BUA, kamfanin Abdussamad, an faɗaɗa shi ƙwarai, yaranmu na samun aiki, tireloli na ɗiba har Nijar. Amma hannun jarinsa a Legas ake cinikinsa. Ban ga laifin mutanen nan ba. Ɗan kasuwa inda ya ga tashar ruwa da gas da banki da lauyoyi can zai kafa turke. Abin da ya kamata Kano ta tambayi kanta shi ne me ya sa 'ya'yanta sai sun bar gida suke zama manya haka.

Bari in sauko gida, inda na fi sanin abin. Ina da kawu da ya tsufa a harkar albasa. Lokacin kaka, in ka je Ramin Kura da asuba za ka tarar da motoci sun shigo daga Goronyo da Wurno da Gada da Kware, an zube albasa tsibi tsibi, warinta na hawa ido, yara na zaɓe suna ware manya da ƙanana, masu ɗinki na ɗinke bakin buhu da basilla, ana jera su a tirela har sama. Daga nan motar ta kama hanyar Jega, Yawuri, Kontagora, Mokwa, ta haye gadar Jebba, ta bi Ilori da Badun, kusan kilomita 1,000, ana biyan na shinge a hanya, zafi na cin kayan daga ƙasan buhu. In ta isa kasuwar Mile 12 ta Legas ta tarar da tireloli sun yi yawa, ba zancen jira. Na taɓa ce masa, “Kawu, ku da kuke da kayan, me ya hana ku riƙe farashi?” Ya dube ni ya ce, “Ɗana, mu munka noma ta, mu munka kai ta, amma ba mu ka yanka mata kuɗɗi ba. Mai kayan gwari ba shi jayayya da rana. Wanda ad da wurin ajiya shi ka yanka kuɗɗi.” Wurin ajiyarmu har yau rudu ne na kara da ciyawa, wanda in damina ta matso sai a buɗe a tarar wani sashe ya ruɓe, wani ya tsiro.

An gwada ƙarfin nan a fili a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, lokacin da ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya Kudu. Cikin 'yan kwanaki tumatir da albasa da nama suka yi tashin gwauron zabi a Legas, mutanenmu suka yi ta murna, wai yau an san mai ciyar da wani. Amma a daidai lokacin kwandunan tumatir na ruɓewa a gonakin Kano, farashi ya faɗi ƙasa warwas, manomi na kuka. Ba a daɗe ba aka janye. Su sun ji yunwa, mu mun yi asara, kuma mai kuɗi ya fi mai ɗanyen kaya iya jira. Bayan shekara biyu Legas, wadda ba ta da fadamar kirki, ta buɗe katafaren kamfanin casar shinkafa a Imota, mai cashe tan 32 a awa ɗaya. Shanshera daga wajenmu za ta fito. Casar da buhun da sunan da ke jikin buhun nasu ne.

Kada a ɗauka ina cewa Kano ta zama Legas. Ba za ta iya ba, teku ba ta zuwa Dala, kuma ba duk abin da ke Legas ne abin sha'awa ba. Yaranmu da ke Agege da Idi Araba da Alaba Rago sun san tsadar ɗaki, sun san kwana a rumfa, sun san yadda dokar hana acaba ta 2020 da ta 2022 ta raba dubbansu da abin yi a dare ɗaya. Akwai talauci mai muni a Makoko da Ajegunle. Sai dai alƙaluma ba su bar mana wurin fakewa ba. Binciken talauci da Hukumar Ƙididdiga ta fitar na 2019 ya sa Legas a kashi 4.5 cikin ɗari, Kano a wajen kashi 55, Sakkwato a kusan kashi 88, mafi muni a ƙasar. Yaron da ya bar Tangaza ya tafi tura baro a Legas ya yi lissafinsa, kuma lissafin daidai ne.

Abin da Kano ke da shi wanda Legas ba ta da shi ƙasa ce da ruwa da maƙwabta. Madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Audu Bako, har yau ita ke shayar da Kadawa da Kura. Dawanau na tara riɗi da zoɓo da citta da wake daga ko'ina, zoɓon ma har Meziko ake kai shi. Nijar da Chadi da arewacin Kamaru a Kano suke sari. Kuma Kano ta nuna ba ta manta sana'a ba: da aka matsa wa shinkafar waje, musamman bayan rufe iyakoki a Agustan 2019, kamfanonin casa suka yi ta tashi a kewayen birnin, manya da ƙanana, da kuɗin 'yan kasuwar gida. Rufe iyakar ya cutar da mutanen Illela ƙwarai, na sani, kamar yadda rufewar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ta sake yi. Amma ya nuna cewa in Bakano ya ga kasuwa tabbatacciya zai sayi inji. Abin da ke karya shi wuta ce. A Oktoban 2024, da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, an kwashe kwanaki Kano da Sakkwato da sauran jihohi na cikin duhu, injina suka tsaya cak, masu ƙanƙara da masu walda da masu niƙa suka zauna. Ba a gina masana'anta a kan irin wannan. Shi ya sa a wurina babu aikin tarayya da ya kai bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano muhimmanci, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikin gina shi a 2020. Da 'yan majalisunmu na Arewa sun yi masa rabin hayaniyar da suka yi kan rabon VAT a ƙarshen 2024, da na fi jin daɗi.

Ita ma rigimar VAT ɗin ta dawo kan rubutu. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun karkata ga a duba inda aka ci kaya, ba inda hedikwata take kaɗai ba. Wannan gyara ne mai kyau. Amma cinikin da aka yi da tsabar kuɗi a rumfar da ba ta da rajista ba zai fito a lissafin kowa ba. Jihar da ba ta san adadin shagunan da ke babbar kasuwarta ba, da me za ta kafa hujja a teburin rabo?

Mu kuma Sakkwato, yadda Kano take a gaban Legas haka muke a gaban Kano. A je Kara a ga fatu. Ana feɗe akuya, a barbaɗe fatar da gishiri, a tara, a ɗaure, a loda zuwa majemun Challawa da Sharaɗa. Can a jeme ta, ta bi hanyar Legas zuwa Italiya da Sifen, ta koma jaka da takalmin da mai akuyar ba zai taɓa iya saye ba. Dukawanmu na Madunka, masu aikin da duk baƙon da ya zo garin nan sai ya saya ya tafi da shi tsaraba, suna nan da wuƙa da basilla kamar yadda suka gada, 'ya'yansu da yawa sun koma kabu-kabu. Kirgin shanu kuwa ganda yake zama a tukwanen Kudu. Madatsar Goronyo, wadda aka gama a 1984, tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, amma manomin da ke gabas da ita yau sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa, kuma ba mu manta da harin da aka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 ba. Hanyar Gusau zuwa Funtuwa, wadda ita ce igiyar da ta ɗaure mu da Kano, direba ba ya binta da dare in yana da zaɓi.

Don haka ni ba na cikin masu jin haushin Kano, masu cewa Kanawa sun mamaye mana kasuwa. Farfaɗowar Kano ribarmu ce kai tsaye. Kamfanin takalmi a Sharaɗa ya fi mana kamfanin takalmi a Milan, don kilomita 500 da ɗoriya ne tsakaninmu, harshenmu ɗaya, yaronmu zai iya zuwa ya koyi aikin ya dawo. Amma ko Kanon ma bai kamata mu riƙa aika mata komai ɗanye ba. Matakin farko na kowane kaya a nan ya kamata a yi shi: a jeme fata a nan, a busar da albasa da tafarnuwa a niƙa a nan, a yanka dabba a nan a tura nama cikin motar sanyi maimakon a jera shanu a tirela kwana da kwanaki suna ramewa kafin su isa mayankar Oko-Oba ta Legas.

An ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a Oktoban 2024, kilomita 1,068 daga Illela har bakin teku. Ina fatan a gama ta, don na san abin da tsohuwar hanya ke yi wa direbobi da kaya. Amma tun kafin kwalta ta iso akwai aikin da ba sai an jira Abuja ba. Gwamnatin jiha ta gina rumbunan albasa na zamani masu shan iska a Goronyo da Wurno da Gada, ta damƙa su ga ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwa a kan haya mai sauƙi, kowane buhu da ya shiga a ba mai shi rasit da banki zai karɓa a matsayin jingina. Ta ware fili ɗaya kusa da Kalambaina, ta kai masa ruwa da wutar sola da magudanar dattin jima, ta kira majema da dukawa da masu jari na Kano su zo su zauna. Ta sa rajistar ƙaramin kasuwanci ta zama kyauta, ta yi alƙawarin shekara uku ba haraji ga duk wanda ya shiga littafi, kuma ta cika alƙawarin ko da gwamnati ta canza hannu. Ƙungiyoyin kasuwa su ma su ɗauki yaran da suka gama kwalejin kimiyya da fasaha suna zaune, su ba kowane layi akawu ɗaya da zai koya wa masu shaguna riƙe littafi, a biya shi daga kuɗin ƙungiya.